Kek ɗin da Mai Shari'a Ta Ƙi Ci

A tashar bas ta garin Wausau, washegarin zaɓe, wani tsoho ya leƙa jaridar matar da ke gefensa.

"Baiwar Allah, Mai Shari'a Brekke ta faɗi ke nan?"

"Ta faɗi, kuma har da ƙuri'ata aka kayar da ita daga kotun ƙolin jiha."

"Me ta yi miki haka?"

"Girman kai. Ta zo neman ƙuri'a wurin baje kolin shanu, na miƙa mata kek ɗin da na gasa da hannuna, ta ƙi ci. A gaban mutane fa."

"Ba a rumfar manoman yankin Marathon kike ba?"

"Can nake."

"Lokacin ƙararku ta ruwan gona tana gabanta. Da ta ci loma ɗaya, da dole ta janye daga shari'ar. Kuma da ƙuri'arta a cikin alƙalan kuka yi nasara."

Matar ta naɗe jaridar.

"Kai malam, a ina ka san duk wannan?"

"Ni na kai ta gida a mota ranar, ni ne mijinta. Har muka isa tana zancen ƙamshin kek ɗinki."