A Dangwala wa Hakimi

A teburin mai jarida a Ƙofar Dundaye, mutum biyu suna duba takardar waƙar naɗin sabon hakimi.

"Wagga ai waƙar kamfen ce," in ji mai tabarau. "Ɗan takara anka yi ma ita, ya sha kaye, anka sauya suna."

"Haba Malam, ƙazafi! Mawaƙin ga mutumen kirki ne. Jibi ma za shi rera ta gaban hakimi."

"To dubi nan: 'Ku hito da sahe ku dangwala mai.' Yaushe anka koma naɗa hakimi da ƙuri'a?"

Ɗayan ya laluba aljihunsa.

"Malam, ara min biro. Baiti na nawa ka ce?"

"Na bakwai. Riƙe biron, Alhaji, na tara ma akwai tutar jam'iyya."