Kunyar Suruki a Kamfanin Tarakta

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ni manomi ne daga Kekun Waje ta Bunguɗu.

Bana na nemi hayar tarakta a kamfanin gwamnatin jiharmu. Ruwa ya sauka, maƙwabta suka yi huɗa da shanu, ni ina ta jira har ciyawa ta rufe gonar. Sai ƙanena ya zo daga Tsafe, ya ce ya ga taraktocin suna aiki a gonar manajan kamfanin.

Na tafi Gusau, na sami wani Alhaji a Damba, ɗaya daga cikin dattawan da aka naɗa su sa ido a kan kamfanin. Na ce, "Alhaji, ba ku tambayar manajan ne?"

Ya ce, "Malam, shugaban kwamitinmu surukinsa ne, ɗiyarsa ta fari manajan ke aure. In mun zauna taro, manaja ya durƙusa ya gaishe shi, shi kuma ya kawar da kai. Ko sunansa ba ya kamawa. To wa zai ɗaga murya?"

Kunya tarbiyyarmu ce, ban raina ta ba. Amma ni da za a ce in binciki aikin mijin ɗiyata, wallahi cewa zan yi a nemi wani.

Ina gaida manoman Tsafe da Bunguɗu. Masu sauraro, ku ba ni shawara: wa zan kai wa kuka kafin wata damina? Domin bana a gidana, ba kunya za a tuƙa a ci ba.