Kujerar Bakin Taga

Da hantsi, rana ta fara zafi a tashar Ƙanƙara. Shafa'atu ta shiga motar Zariya da ɗiyarta Sumayya, wadda maganin ciwon daji ya zubar wa gashi. Ta tarar da wata dattijuwa a bakin taga.

"Inna, ki ba mu wurin nan. Yarinyar amai take yi."

"Na riga ki. Ki yi haƙuri."

"Wallahi duk wanda ya ƙara ce mini in yi haƙuri sai na cije shi! Likita ma cewa ya yi in riƙa rufe ido ina jan numfashi, wai hankalina ya kwanta. Na rufe, barci ya kwashe ni, aka sace mini takalmi."

Dattijuwar ta ƙyalƙyale da dariya. "Ni da suka koya mini a asibiti, minsharina har ɗakin maza."

"Ke ma kina da marar lafiya?"

"Jikana Audi. Bara Allah Ya karɓi abinsa. Tagar ce na kasa bari, nan yakan zauna."

"Ki yi haƙuri" ta zo wa Shafa'atu har baki, ta haɗiye.

Dattijuwar ta matsa, ta ɗaga Sumayya zuwa bakin taga, ta zuge gilashin.

"Waje za ki yi, 'yar nan, ba a zanina ba."