Injin Ban Ruwan Da Ba Ya Tashi Da Asuba

Salamu alaikum Malam, barka da aiki.

Ranar Talata da asuba, a gonarmu ta tumatir a Bunkure, na tarar da Yaya Sale yana dukan sabon injinmu na ban ruwa mai aiki da gilashin hasken rana. Mun saba ban ruwa daga idar da salla, shi kuwa ko ɗigo bai kawo ba. Yaya ya ce, "Kwance tarkacen nan! Dashe na mutuwa, kana gadin gilashi!" Na roƙe shi ya bari zuwa hantsi. Rana na ɗagowa, sai ga ruwa tsakanin kunyoyi.

Wallahi ba zan kwance shi ba. Rami zan haƙa a kan tudu, in tara ruwa da rana, in sako shi da asuba. Malam da sauran masana, da me zan shafe ramin kada ƙasa ta shanye ruwan?

A gaban Baba Ilu mai albasa da Bulus mai keke aka yi abin nan na ranar Talata, su ne shaiduna.