Goron da Na Tauna Ban San Na Sulhu Ba Ne

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu mai ceto. Salamarsa ta sauka a gidajenku da gonakinku.

Sunana Rifkatu, daga wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Kafur. An daɗe ana roƙona in ba da wannan shaida a zumuntar mata, ina ja da baya. Da na yarda, sai na fara tsara ta da ajami, rubutun da kakana ya koya mani, domin hannuna ya fi sakewa da shi. Ku yi haƙuri da ni, ban iya ba da labari da gaggawa ba.

Shekarar da tsutsa ta cinye mana masara, ina 'yar shekara ashirin da wani abu, wata mata da muke kira Anti ta zo neman masu aikin dafa abinci a Funtuwa. Ta iya baki ƙwarai. Baba ya yi mani addu'a, na shiga mota.

Ba gidan abinci ta kai ni ba. Wani masauki ne a bakin babban titi, inda motocin hatsi ke tsayawa. A bayansa akwai ɗakunan da ake kullewa ta waje da kwado. Can aka ajiye ni tare da wasu mata. Abin da aka yi mana a ciki ba zan furta shi a gidan Allah ba. Kun gane.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, ba a ɓoye muke ba. Mai shara yana ganin kwadunan. Mai masaukin yakan zo ya zaga ya tafi. Wata rana manajan masaukin yana wucewa ta gefen taga na ce, “Malam, don girman Allah ka taimake ni, ba da sona nake nan ba.” Ko tsayawa bai yi ba. Ya ce, “Ni ɗaki na ba da haya. Abin da mai haya ke yi a ciki ba ruwana.”

Amma Allah bai yi barci ba! Dangin ɗaya daga cikinmu suka bi sawunta har suka zo da 'yan sanda. Aka fasa ƙofofi, aka kama Anti, daga baya aka ɗaure ta. Masaukin kuwa fenti kawai aka sake masa, motoci suka ci gaba da tsayawa.

Na dawo gida, amma ban dawo ba. Ina tashi, ina daka, ina zuwa sujada, zuciyata tana can bayan ƙofa. Babu mai tambayata, ni ma ban faɗa wa kowa ba. Haka shekaru suka shige.

Sai Ubangiji ya haɗa ni da wata lauya, Barista Hauwa, Musulma ce mai taimaka wa mata irina. Ta ce, “Rifkatu, shari'ar Anti ta hukuma ce, an gama ta. Amma wanda ya ba da ɗaki, yana gani, ya kau da kai, doka ta ba ki dama ki kai shi kotu ki nemi diyya. Sai dai fa dole ki tsaya ki yi magana da bakinki.” Na daɗe ina juya maganar, sannan na yarda. Aka aika wa mai masaukin sammaci.

Da damina ta kankama, wata rana na tafi asibiti Malumfashi. A bayana wasu dattawa suka zo a mota, suka sauka a zauren Baffa Ɗanjuma, yayan Baba, wanda shi ne babban gidanmu. Sun zo da goro da buhunan takin zamani. Kun san al'adarmu, goron baƙi ɗaki-ɗaki ake raba shi. Ina shigowa Inna ta miƙo mani ta ce, “Ungo, na baƙi ne.” Na ɓara na tauna, ina hura wuta.

Washegari Baffa ya sa aka kira ni.

Ya ce, “To, 'yar nan, magana ta mutu. Mai masauki ya aiko a ba mu haƙuri, mun karɓa. Ki gaya wa lauyarki ta nemi wani aikin.”

Na ce, “Baffa, ai ban san goron na mene ne ba.”

“Kin tauna ko ba ki tauna ba?”

“Na tauna.”

“To shi ke nan. Ke kin fi Yesu ne? Shi da ya yafe wa waɗanda suka gicciye shi? Sannan wa zai aure ki in kin je kin tona kanki a gaban alƙali?”

Da na buga wa Barista waya, dariya ta fara yi. Ta ce, “Kotu ba ta san goro ba, ƙawata.” Gaskiya ta faɗa, amma ita ba a garinmu take kwana ba. Gidan da ya ci goron sulhu ya koma ya ta da magana, ba a ƙara gaskata bakinsa, ko a neman aure ko a rikicin iyakar gona. Abin da ya fi damuna kuma shi ne maganar yafewa. Na ji tsoro kada in zama mai saɓa wa Ubangijina.

Da rana tsaka na tafi majami'a, babu kowa sai tattabaru a rufi. Na durƙusa na ce, “Ya Uba, in yafewa ita ce in yi shiru, ka ba ni ƙarfin yin shiru har in mutu. In ba ita ba ce, ka nuna mani.”

Ban ji wata murya ba. Amma sai na tsinci kaina ina yi wa manajan nan addu'a, da mai masaukin, har da Anti, zuciyata ba ta tafasa ba. Na yi mamakin kaina! Ashe na riga na yafe. Sai kuma na tuna ɗakunan suna nan tsaye, masu gidan ba su taɓa amsa cewa sun yi sakaci ba. Haƙƙina zan iya yafewa. Na wadda za a kai can gobe, wa ya ba ni ikon yafe shi?

Daga nan gona na nufa. Masarar Baba ta kai gwiwa, ganyenta ya fara zama ruwan ɗorawa, taki kawai take jira. Ni da Baba ba mu taɓa ambatar Funtuwa ba, saboda kunyar da ke tsakanin uba da 'ya. Na durƙusa a kan kunyar masara na ce, “Baba, ina so in je kotu.”

Ya jingina da fartanya ya ce, “Kin yafe masu?”

“Na yafe, Baba.”

“To je ki faɗi gaskiya.” Ya juya yana kallon masarar.

Ranar kasuwa Baba ya sayo sabon goro madadin wanda aka ci, ya ɗauko hayar a-kori-kura, aka loda buhunan nan ko ɗaya ba a farke ba. Mutumin da bai taɓa musa wa yayansa ba tun suna yara! Baffa ya fito yana faɗa: “Yohanna, addu'a masararka za ta ci bana?” Baba ya ce, “Yaya, ta sha ci a baya.” Ya shiga gaban mota, ya mayar wa dattawan kayansu.

Shari'ar ta ja, an yi ta ɗagewa. Da labari ya bazu, wasu daga cikin matan da muka zauna tare suka zo suka ba da shaida. A ƙarshe kotu ta ce masaukin ya yi sakaci, ta umarce su su biya diyya. Masararmu ba ta yi kirki ba a shekarar, kuma har yau Baffa da ƙyar yake amsa gaisuwata. Ina yi masa addu'a.

Amma ranar da na kuɓuta ba ranar hukunci ba ce. Ranar da na tsaya na yi magana ce. Na roƙi Baba ya jira a waje, ya ƙi. Ya zauna a bencin baya ya ji komai, abin da bai kamata kunnen uba ya ji ba. Da muka fito na kasa ɗaga kaina. Sai na ji hannunsa a kafaɗata, ya kira ni da sunan da ya daina kirana tun ina ƙarama. Ya ce, “Uwata, ɗago kanki. Mu je gida.”

Na gode wa Yesu da ya buɗe bakina, ya kuma tsayar mani da masu tsaya mani. 'Yar'uwa, in kina ɗauke da irin wannan kaya, kada ki ce Allah shiru yake so. Ki kai masa, ki dogara gare shi, zai nuna maki ƙofar da za ki ƙwanƙwasa. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.