Yadda Shafin Ƙungiya Ya Tsufar da Aina'u

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, mai girma dagaci, liman da malamanmu, iyayena mata da ke can baya, da ɗaukacin 'yan ƙungiyar ci gaban garinmu, ina gaishe ku. Ina godiya da kuka ba ni dama, ni Hafsatu malamar firamare.

Jama'a, shekaranjiya na ga abin da ya ɗaure mini kai. Kun san za mu tura yarinya ɗaya karatun ungozoma, bisa sharaɗin kada ta haura shekara ashirin da biyar, kun kuma san Aina'u 'yar Malam Nababa ce ta zo ta ɗaya a tantancewar. Na buɗe shafin ƙungiya a wayata don in yi mata albishir, sai na ga an cire ta, wai ta tsufa. Wai an haife ta ɗaya ga Janairu, 1970. Innalillahi! Yarinyar da na riƙe wa hannu ta koyi rubutu, yau ta girme ni, ta girmi uwar da ta haife ta!

Na garzaya wurin Kamaruddeen da ya gina mana shafin. Ya duba, ya riƙe baki. Ya ce, "Malama, da watan Musulunci mahaifinta ya ba da ranar, sha biyu ga Rajab, 1428. Manhajar shafin ba ta gane ba, ta ajiye sifili a rumbun bayanai. Da aka zo nunawa sai ta mayar da sifilin farkon 1970, don daga nan take fara ƙirga."

To, na farko, a koya wa shafin nan lissafin watanmu, ya juya shi zuwa watan Bature daidai kafin ya ajiye. In bai gane ba, ya ce bai gane ba, kada ya ƙirƙiro wa mutum shekaru. Na biyu, a sake duba sauran yara, domin rabin garin nan da Rajab da Sha'aban muke tuna haihuwa, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Na uku ya fi ci mini rai. Gobe ake aika suna. Jiya Aina'u ta same ni tana hawaye, ta ce, "Malama, ko in haƙura?" Amsar tana wurinku: a mayar da sunanta. Ku za ku ba ta, yau, kafin a tashi.

Allah Ya albarkaci taron nan, Ya raya mana zuri'a, Ya hana mu zaluntar kowa ko da bisa kuskure, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.