Ɗakin da Ba Taga

A zauren jiran jirgin ruwan yawon shaƙatawa, wani ango ya zauna kusa da wani dattijo, bakinsa ya ƙi shiru.

"Da kaina na kama mana ɗaki ta waya, Baba. Me zai kai ni kamfanin tafiye-tafiye su ci gumina?"

"Madalla. Ɗakin naku da taga?"

Ango ya duba waya, ya sake dubawa. "Ba su rubuta ba."

"To, babu ita. Bara haka kamfanin tafiye-tafiyen ya yi mana."

"Kuma ka koma wurinsu?"

"Ƙwarai. Har muka dawo uwargida tana zagin kamfani, ina taya ta. Kai wa amarya za ta zaga?"

Ango ya ɗago kai daga wayar. Ga amarya can tafe da sabuwar kyamara, tana murmushi.